Yadda masuncin Kaduna zai yi kamun kifi da fatsa a bakin teku

Mutumin da ya saba jefa fatsa a Kogin Kaduna, ko a bayan Lambun Gamji ko a wajen Kabala ko a madatsar Kangimi, ya riga ya mallaki rabin abin da ake buƙata kafin a tunkari teku, domin ya san haƙuri, ya san cewa kifi yana son inuwa da duwatsu, ya kuma san bambancin taɓawar karfasa da fizgar tsage. Sauran rabin ne ke ba mutane wahala idan aiki ko kasuwanci ko ziyara ta kai su Legas ko Fatakwal ko Kalaba, suka ga ruwa shimfiɗe iya ganinsu, suka ɗauka cewa duk inda aka jefa ƙugiya za a samu. Abin da zan yi bayani a kansa shi ne kamun kifi na nishaɗi a ruwan da ke kusa da gaɓa, wato bakin teku, da tafkunan gishiri irin na Legas, da mashigan ruwa masu ratsa dazukan fadama, da wuraren da koguna ke zuba cikin Tekun Atlantika. Ban haɗa da fita can tsakiyar teku da manyan jirage ba, wannan wani fage ne dabam mai tsada.

Gaɓar tekun Najeriya ta kai kimanin kilomita 853, daga Badagry a iyakar Jamhuriyar Benin zuwa yankin Kalaba, kuma a duk tsawon nan abu ɗaya ne ke juya rayuwar kifi, shi ne cikar teku da janyewarta. Kogin Kaduna yana gangarowa ne ta fuska ɗaya, ya cika da damina ya ragu da rani, amma teku tana cika sau biyu ta janye sau biyu a cikin kimanin awa 24 da minti 50. Tsakanin cika da janyewa akwai awa shida da 'yan mintuna, kuma kowace rana lokacin yana jinkirta da kusan minti 50, ta yadda idan yau ruwa ya cika da ƙarfe bakwai na safe, gobe sai wajen takwas saura minti goma. Kifin da ke farauta yana cin abinci ne sa'ad da ruwa ke tafiya, saboda a lokacin ne igiyar ke kwaso jatan lande da ƙananan kifaye ta bi da su ta ƙofofin mashigai, shi kuwa ya laɓe a gefe yana jira. Idan ruwa ya gama cika ko ya gama janyewa yakan tsaya cik na ɗan lokaci, kuma a wannan tsayuwar sau da yawa mutum zai zauna kamar ya jefa fatsa a randa. A ganina, wanda ya zo da sanda mai arha a lokacin da ruwa ke gudu ya fi wanda ya zo da kayan miliyan a lokacin da ruwa ke kwance.

A nan Bahaushe yana da wata dama da bai san yana da ita ba, domin lissafin wata da muke yi saboda azumi da salla shi ne lissafin teku. Jan da wata ke yi wa ruwa, tare da na rana, shi ke haddasa cikar. A kwanakin tsayuwar wata da kuma wajen daren sha huɗu, da kwana ɗaya ko biyu bayansu, jan biyun yana haɗuwa, sai ruwa ya cika sosai ya kuma janye sosai, gudunsa ya yi ƙarfi. A wajen bakwai ko takwas ga wata, da kuma ashirin da biyu ko da uku, bambancin tsayin ruwa tsakanin cika da janyewa yakan ragu, ruwan ya yi sanyin jiki. A Legas bambancin tsayin nan bai wuce kimanin mita ɗaya ba, amma yana ƙaruwa yayin da aka nufi gabas har ya kai kusan mita uku a Kalaba, shi ya sa wurin da aka ɗaure kwalekwale da safe a can zai iya zama taɓo zalla da azahar. Akwai jadawalin cikar teku na kowace babbar tashar jiragen ruwa a intanet kyauta, sai dai a tuna cewa lokacin da aka rubuta na bakin tashar ne, kuma cikar takan makara kafin ta isa cikin tafki, gwargwadon nisan wurin daga teku. Mafi kyawun tsari shi ne a zaɓi ranar da gudun ruwa zai dace da sassafe bayan sallar asuba ko da la'asar sakaliya, a isa wurin awa biyu kafin ruwa ya gama cika, a ci gaba har awa biyu bayan ya fara komawa.

Lokacin shekara ma yana da nasa hukuncin. Ruwan teku yana ɗauke da gishiri kimanin giram 35 a kowace lita, amma tafkin Legas gauraye ne, domin Kogin Ogun da wasu koguna suna zuba cikinsa. Da damina, musamman daga watan Yuni zuwa Oktoba, ruwan daɗi yana rinjaye, tafkin ya yi ja, kainuwa ta gangaro ta toshe mashigai, kifayen gishiri kuma su koma kusa da bakin teku, ita kanta tekun ta yi fushi da manyan igiyoyi. Daga Nuwamba zuwa Afrilu gishiri yana hawa cikin tafkin, kainuwar ta mutu, ruwan ya washe, kifin farauta ya shigo. Saboda haka mutumin Kaduna da zai ware hutu don wannan abu ya nufi lokacin hunturu zuwa farkon bazara, ya dai lura da hazo, wanda kan rufe gani a kan ruwa da safe.

Kayan aiki

Babu buƙatar tara sanduna. Sanda ɗaya mai tsawon mita 2.1 zuwa 2.4, mai matsakaicin ƙarfi, wadda za ta iya jefa nauyin giram 15 zuwa 60, ta isa yawancin aikin tafki da mashigai. A haɗa ta da injin naɗi irin wanda ke rataye a ƙarƙashin sanda, mai lambar girma 4000 ko 5000, kuma a tabbatar an ƙera shi don ruwan gishiri. Kamfanoni irin su Shimano da Daiwa da Penn suna yin masu araha da masu tsada, amma jabunsu sun cika kasuwa, don haka a juya hannun injin a ji ko yana tafiya sumul, a kuma ja zare a ji ko birkinsa, wato abin da ke sakin zare idan kifi ya ja da ƙarfi, na saki a hankali ba da fizga-fizga ba. Wanda zai tsaya a kan yashin bakin teku yana jifa bayan igiyar ruwa shi ne ke buƙatar doguwar sanda ta mita 3 zuwa 3.6 da injin da ya fi girma.

Zaren da ya fi dacewa shi ne mai kitso, wanda aka tufka da siraran zaruruwa, mai ɗaukar nauyin laba 20 zuwa 30, wato kilo 9 zuwa 14. Siriri ne, yana tafiya nesa idan an jefa, kuma ba ya miƙewa kamar nailan, don haka ko ɗan taɓi kifi ya yi za a ji shi a hannu. Aibinsa biyu ne, kifi yana ganinsa, kuma dutse mai kaifi yana yanke shi nan take. Maganin haka shi ne a ɗaura masa zaren gaba mai tsawon kamu biyu ko uku, na fulorokabon ko nailan mai kauri, mai ɗaukar laba 30 zuwa 50, wanda shi ne zai riƙa gogar duwatsu da bakin kifi. Kafin a naɗa zaren kitso a kwarkwaron injin, a fara sa 'yan mitoci na nailan a ƙasa, in ba haka ba duka naɗin zai riƙa zamewa a kan ƙarfen sa'ad da babban kifi ya ja. Kada kuma a taɓa naɗa zaren kitso a yatsa ana ja, yana yanka kamar reza.

Ƙulli shi ne wurin da yawancin kifaye ke kuɓucewa, kuma shi ne abin da ya kamata a koya tun a gida Kaduna, a zaune a tsakar gida da rana, ba a cikin kwalekwale mai tangaɗi ba. Ƙulli biyu sun wadatar da mai farawa. Na ɗaura ƙugiya ana kiransa Faloma: a ninka bakin zaren biyu, a zura ninkin ta idon ƙugiya, a yi ƙulli sakwa-sakwa irin na yau da kullum da ninkin, sannan a zura ƙugiyar gaba ɗaya ta cikin madaukin da ya rage, a jiƙa da miyau, a ja a hankali har ya zauna. Na haɗa zaren kitso da zaren gaba kuwa shi ne a jera bakunansu biyu suna fuskantar juna, kowanne ya yi madauki ya naɗe ɗan uwansa, na kitso sau takwas, na gaba sau huɗu ko biyar, sannan a ja su su haɗu. Jiƙawar nan ba al'ada ce kawai ba, zafin gogayya yana raunana zare idan an ja shi a bushe. Jifa ma a gwada ta a filin ƙwallo da dalma ba tare da ƙugiya ba, har hannu ya saba da lokacin sakin yatsa.

Birkin injin, wato abin da ke barin kifi ya ja zare maimakon ya tsinke shi, ana saita shi a kan kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na ƙarfin zaren. Idan zaren na kilo 14 ne, birkin ya fara saki a wajen kilo 4. Hanya mafi sauƙi ta gwadawa ita ce a cika galan mai lita huɗu da ruwa, a ɗaura zaren a hannunsa, a karkata kan sandar ƙasa ta miƙe, a ɗaga a hankali. Idan birkin ya fara saki daidai lokacin da galan ke barin ƙasa, to an dace. Mutanenmu da suka saba da tarwaɗa sukan ɗaure birki tamau saboda a kogi ƙarfi ake sawa a tumɓuko kifi, amma kifin teku yana da gudun da zai tsinke zare kafin mutum ya ankara.

Ragowar kayan ƙanana ne: ƙugiyoyi masu lamba 2/0 zuwa 7/0, dalma iri-iri daga giram 15 zuwa 140, 'yan ƙarafa masu juyawa da ke hana zare murɗewa, siririyar waya ta ƙarfe, filaya mai dogon baki don cire ƙugiya, wuƙa, koma mai mariƙi, da kula cike da ƙanƙara. Game da ƙugiya, ina ba da shawarar mai lanƙwasa kamar zobe, wadda tsininta ya juyo yana kallon jikinta, ga duk wanda zai yi amfani da koto na gaske. Ita ba a fizgar sanda idan kifi ya ɗauka. Ana barinsa ya juya ya tafi, sai a fara naɗi a hankali har zaren ya miƙe, ƙugiyar da kanta za ta zamo ta kama gefen baki. Wannan yana da wuya ga wanda hannunsa ya saba fizga, ni kaina na zare koto daga bakin kifaye da dama kafin na horu.

Koto da kifayen da ake nema

Tuwo da tana da hanjin kaza, waɗanda ke mana aiki a Kogin Kaduna, ba su da wani tasiri a ruwan gishiri. Sarkin koto a can shi ne jatan lande mai rai, wanda kusan babu kifin da ke ƙinsa. Ana soka ƙugiya ta ƙarƙashin ƙahon da ke kansa, a kauce wa baƙin ɗigon da ake gani a cikin kan, domin idan aka huda wurin zai mutu nan take. Bayansa sai ƙananan kifaye masu rai irin su mulet da bonga, wannan bongar da muke saye busasshiya a kasuwa, ana soka su ta leɓen sama idan ruwa na gudu, ko ta bayan ƙayar gadon baya idan ana so su yi iyo su nisanta. Masunta na wurin, Egun da Ilaje da Ijo, suna kama su da birgi da sassafe, kuma da ɗan kuɗi kaɗan za su cika wa mutum bokiti. A riƙa sauya ruwan bokitin akai-akai, kada a cunkusa su. Idan duk wannan ya gagara, kifin ƙanƙara na kasuwa, titus ko shawa, a yanka shi dogaye-dogaye, yana jawo kifi da maiƙonsa.

Akwai kuma koton ƙarya, na roba ko katako ko ƙarfe, wanda kamfanoni irin su Rapala suka yi suna da shi. Guda huɗu sun isa: cokali mai walƙiya na giram 30 zuwa 40, ɗan kifi mai leɓe da ke nutsewa idan ana naɗi, mai faɗin baki da ke fantsama ruwa a sama, da kuma ƙugiya mai kan dalma da ake sanya wa jelar roba. Na ƙarshen nan shi ya fi kowanne amfani, domin ana barinsa ya taɓa ƙasa, a ɗaga shi da kan sanda, a sake barinsa ya faɗi, kuma galibi a lokacin faɗuwar ne kifi ke cafka.

Barakuda ita ce tsagen teku, doguwa ce kamar mashi, baki cike da haƙora, kuma irin ta Afirka ta Yamma tana iya kai mita biyu. Wanda ya taɓa kama tsage a Shiroro ya san halin. Tana son abu mai walƙiya da gudu, don haka a jefa cokali ko ɗan kifin ƙarya a riƙa naɗi da sauri ba tsayawa, ko a ja shi a bayan jirgi mai tafiya a hankali a gefen duwatsu. Dole a sa waya mai tsawon taƙi ɗaya zuwa kamu ɗaya a gaban koton. Fitata ta farko na ƙi sa wayar don ina ganin kaurin nailan ɗina ya isa, sai na ji fizga ɗaya tak, na naɗo zare babu komai, bakinsa a yanke kamar da almakashi. Sai dai wayar tana korar wasu kifayen masu wayo, don haka a sa ta ne kawai idan barakuda ake nema ko an ga alamar tana wurin.

Jan kifin nan da ake kira sinafa, wanda ya fi kowanne daɗin ci a ganina, mazaunin duwatsu ne da ginshiƙan gada da saiwoyin itatuwan fadamar gishiri. A Legas ana samunsa a jikin dogayen katangun duwatsu da aka gina a ƙofar tashar jiragen ruwa tsakanin 1908 da 1912, kusa da Tarkwa Bay, da kuma ƙarƙashin gadoji. Dabararsa ɗaya ce, ya cafki koto ya koma raminsa, ya goga zaren a dutse ya tsinke. A nan ne kaɗai ake saɓa wa ƙa'idar birki, a ƙara ɗaure shi, a sa zaren gaba na laba 60 ko fiye, kuma daƙiƙu biyar na farko su ne duka faɗan, domin idan aka juyo da kansa daga dutsen an ci nasara, idan kuwa ya shiga to sai a haƙura da ƙugiyar. Ana kai masa kifi mai rai ko kaguwa dab da mafakarsa, ba nesa da ita ba, kuma ya fi ci da magariba.

Kifin da 'yan kasuwar Legas ke kira shaininos yana da wasu zaruruwa huɗu a ƙarƙashin kowane fiffiken ƙirjinsa, da su yake laluben abinci a ruwa mai duhu, shi ya sa ake samunsa a bakin koguna da cikin kumfar igiyar ruwa, inda sauran kifaye ba sa gani. Yana girma ƙwarai, har kusan mita biyu. Shi da kuroka, mai gurnani da jakar iskar cikinsa, a ƙasa suke kiwo, kuma haɗin da ya dace da su shi ne a zura zare ta cikin dalma mai huda yadda za ta riƙa zamewa, a tare ta da ƙarfe mai juyawa, sannan zaren gaba kamu ɗaya da rabi da ƙugiya. Amfanin haka shi ne kifi ya ɗauki koto ya tafi bai ji nauyin dalma ba. Nauyin dalmar kuwa ruwa ne ke yanke shi, a sa mafi ƙanƙantar da za ta iya zama a ƙasa, idan gudun ya ƙaru a ƙara. A kan yashin bakin teku ana amfani da dalma mai kusurwa kamar dala ta giram 85 zuwa 140 saboda ta nutse cikin yashi ta riƙe. Ba lallai a jefa da nisa ba. A zo wurin lokacin da ruwa ya janye a duba inda yake da duhu kuma igiya ba ta fashewa, wannan kwari ne, kuma sau da yawa bai fi taku ashirin daga ƙafar mutum ba. Nan kifi zai bi idan ruwa ya dawo.

Akwai jak, mai faɗin jiki da ƙarfin tsiya, wanda ke zuwa garke-garke yana koro ƙananan kifaye sama har ruwa ya riƙa tafasa, tsuntsaye na shawagi a kai. Idan an ga haka a jefa mai fantsama ruwa a gefen garken, ba tsakiyarsa ba. Namansa ja ne, ba kowa ke so ba, amma faɗansa ya isa a ba da labari.

Sai tafon, wanda masu wannan wasa daga Turai da Amurka ke biyan kuɗi mai yawa su zo Gabon da Saliyo da Gini Bisau dominsa. Mafi girman wanda hukumar kula da bajintar kamun kifi ta duniya ta rubuta an kama shi ne a Gini Bisau a 2003, nauyinsa kusan kilo 130. Ƙananansa suna shiga tafkuna da mashigan Najeriya, kuma ana gane su da yadda suke tasowa su shaƙi iska su juya, ɓawonsu na walƙiya kamar azurfa. Bakinsa ƙashi ne, ƙugiya ba ta shiga da sauƙi, kuma da ya ji ta sai ya yi tsalle sama yana girgiza kai. A daidai lokacin tsallen a miƙa masa sandar gaba, a sassauta zaren, in ba haka ba nauyinsa zai faɗo a kan zare mai tauri ya tsinke shi. Namansa ƙaya ce tsantsa, shi ya sa masu nishaɗi ke sakinsa.

Duk kifin da aka kama, yadda ake janyo shi ɗaya ne. A ɗaga sanda a hankali ba tare da naɗi ba, sannan a sauke ta ana naɗe abin da aka samu, a maimaita. Idan birki na kuka kifi na gudu, a daina juya hannun injin, domin naɗi a lokacin murɗe zare kawai yake yi. Kada a ɗaga sandar ta miƙe tsaye sa'ad da kifi ya zo kusa, nan ne kanta ke karyewa. A sa koma cikin ruwa tukuna, a jawo kifin ya shiga da kai.

Tsaro da abin da ke biyo bayan kamu

Iya iyo a Kogin Kaduna ba ya nufin iya teku. A bakin tekun Legas akwai wuraren da ruwan da igiya ta kawo ke komawa da ƙarfi ta wata siririyar hanya, kuma ya ci mutane da yawa waɗanda suka shiga iya gwiwa kawai. Wanda irin wannan ruwa ya ja kada ya yi kokawa da shi yana neman gaɓa kai tsaye, ya yi iyo ta gefe har ya fita daga hanyar. A kan duwatsu a sa takalmi mai kama ƙasa, kada a juya wa teku baya, kada kuma a je shi kaɗai. A cikin jirgi rigar ceto wajibi ce, hukumomin ruwa na tarayya da na Jihar Legas suna tilasta ta, kuma ba a son tafiyar dare. A nisanci sansanin sojan ruwa da wuraren sauke mai da hanyar manyan jirage, domin tsayawa da sanda a irin waɗannan wurare na iya jawo tambayoyin da mutum bai shirya musu ba. Abin da ya fi komai sauƙi shi ne a yi jinga da masuncin wurin ya fita da mutum a jirginsa, a daidaita kuɗin mai da na yini tun kafin a tashi, a kuma gaishe da shugaban masunta kamar yadda baƙo zai gaishe da sarkin ruwa a wajenmu. 'Yan uwa mazauna Agege ko Obalende ko Idi-Araba sukan san wanda za a nema.

Wasu halittun ba a taɓa su da hannu. Kifin nan mai faɗi kamar faifai yana da ƙaya mai dafi a jelarsa, don haka mai tafiya cikin ruwa marar zurfi ya riƙa jan ƙafa maimakon ɗaga ta; idan ta soki mutum, ko ƙayar tarwaɗar teku ta soke shi, a tsoma wurin cikin ruwa mai zafi gwargwadon abin da fata za ta jure, sannan a nufi asibiti. Talibambam na teku, mai kumbura ciki, yana da guba a hanta da ƙwai da fata wadda dafuwa ba ta kashewa, a mayar da shi ruwa. Barakuda kuwa ko ta yi shiru a cikin jirgi, da filaya ake cire mata ƙugiya.

Kifin da za a ci a yanke masa maƙogwaro jini ya fita tun yana da rai, a fasa ciki, a binne shi cikin ƙanƙara, saboda zafin bakin teku yana lalata nama cikin 'yan sa'o'i. Wanda zai kawo tsaraba Kaduna ya ba matan da ke banda a bakin ruwa su kyafe masa, ya fi aminci a kan kula mai narkewa a tafiyar yini guda cikin mota. Wanda za a saki kuma, ƙarami ne ko tafon, a jiƙa hannu kafin a riƙe shi, kada a cusa yatsa cikin kunnuwansa, a tallafe shi a kwance cikin ruwa kansa na fuskantar gudun har ya motsa da kansa.

Gishiri ba ya barin ƙarfe. Injina na farko na ajiye shi a jaka mako biyu bayan dawowa, da na buɗe sai na tarar hannun ya ƙi juyawa, idanun sandar sun yi kore. Tun a ranar da aka dawo daga ruwa a ɗaure birkin injin tamau don kada ruwa ya shiga ciki, a yayyafa masa ruwan daɗi a hankali, ba da ƙarfin famfo ba domin yana tura gishirin ciki, a goge da tsumma, a bar shi ya bushe a inuwa. Bayan ya bushe a sassauta birkin gaba ɗaya, a ɗiga man keken ɗinki a mahaɗin hannu da ɗan gargaren da zare ke bi ta kansa. Sanda da ƙugiyoyi da koton ƙarya da filaya duk a wanke su, kuma kada a mayar da ƙugiyar da ta shiga teku cikin akwatin sababbi kafin ta bushe. Idan an iso Kaduna a nannaɗe injin cikin tsumma a sa a leda, saboda ƙurar hunturu idan ta haɗu da mai takan zama kamar yashi a cikin haƙoransa, sannan a yanke mita biyu ko uku na bakin zaren da ya gogu, a sake ɗaura sabon zaren gaba kafin a kai shi Kangimi.